Na Je Ɗauko Ummaru

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha iska ba. In na zauna gindin itacen bedi na Garba tela, tambaya. In na fito masallaci ina laluben takalmina, tambaya. "Labbo, yaya ƙasar Faranshi? Gaskiya ne burodinsu ya kai sanda tsawo? Gaskiya ne ka kwana cikin akwatin gawa?" Wannan ta ƙarshen ƙarya ce, kuma na san bakin da ta fito. Kwanciya na yi a ƙasa aka auna ni, za ku ji dalili. To ga shi na rubuta, tun da duk Bodinga an shaida na yi aji uku a elemantare kafin ubana ya ga ilimin ya fara yi mini yawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in ci gorona lafiya.

Ga wanda bai san Ummaru ba, ɗan Goggo Hajo ne ta Shagari, ƙanwar ubana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, wato taubashina, bawana ne tun ran da aka yanke masa cibi, ko da yake bai taɓa amsawa ba. Fataucin albasa yake yi, yana hawa ƙasar Adar, can Faranshi ƙetaren iyaka, ya sauko. Tun muna tallar rake muke musu a kan abu guda, wai wa ya fi tsawo. Kowa ya san ni na fi, hularsa ce doguwa.

Cikin bazarar nan da ta wuce, bayan soja sun kori farar hula, wani direba ya kawo saƙo cewa Ummaru na kwance gidan likita a can, ciki ya kumbura. Goggo ta aiko a kira ni. Kun san idonta ya daɗe da tafiya. Na same ta bakin ɗaki, ta kama hannuna ta riƙe kamar zan gudu.

Ta ce, "Labbo, ka tai ka ɗauko man Ummaru. In shina tahiya da ƙahwatai ka riƙo hannunai. In ba shi tahiya ka ɗauko shi. Malam ubanai ya tahi Makka a ƙasa, har yau ban san inda anka rufe shi ba. Ɗana Bello ya shiga soja, bargo sunka aiko man. Wanga na ukku nan za shi kwanta, in ji ana hwaɗin ga kushewatai can."

Na ce, "Goggo, bawa ne fa. Tsawa ɗaya zan daka masa ya miƙe."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka amsa man."

Na amsa.

Daga Bodinga zuwa Sakkwato babu labari, sai dai matar da ta zauna kusa da ni ta yi ƙiba ta ban mamaki, da muka faɗa rami sai na ji ƙibar tana ƙara kamar gwangwani. Madara ce da sabulu ta ɗaura a jiki. Ga mu nan gida muna bin layi tun asuba a kan sabulu ɗaya soja na dukanmu, ashe sabulun ya san hanyar arewa. Daga Sakkwato na shiga fijo. Ba zan faɗi ta wane shinge muka fita ba, kuma ba zan faɗi sunan garin da na je ba. Ina da jikoki masu bin hanya.

A lokacin iyaka na buɗe. Masu tsaron shingenmu suka karɓi abin da suka saba karɓa a hannun direba suka ɗaga sanda. Da muka isa wajen nasu, jandarma ya fito, wando a matse, hula a karkace. Sai na ji direbanmu ya leƙa ya ce masa, "Ina wuni, Mushe!"

Na laluba ƙofa don in san ta inda zan fita in an fara harbi. Mutum da bindiga a kugu, ka dube shi ka kira shi abin da ya mutu ba a yanka ba! Sai na ga jandarma ya washe baki. Ashe a can haka ake girmama mutum. Malamin makaranta mushe, akawu mushe, wanda ya fi kowa girma shi ne babban mushe. Na ce a raina, lallai ƙasar nan akwai tawali'u. Ya nemi katina, na ba shi takardar haraji da katin zaɓe. Ya juya katin zaɓen gaba da baya, ya ce wannan na mene ne? Na ce ni ma yanzu ban sani ba. Ya bar ni na wuce.

Hausarsu tamu ce sak, sai dai sun barbaɗa mata Faransanci. Amma yunwar da ke can ta fi tamu. Rumbu duk a buɗe, ba a ko damu da rufe su ba. Mushen gaskiya kuwa ga shi nan gefen hanya, shanu sun bushe a kwance. A bakin gari na ga Buzaye, manyan mutane masu rawani har ido, suna sayar da takubbansu da butocin shayi, mai saye yana tayawa kamar yana ba su sadaka.

Na sauka gidan Alhaji Illiyasu, mai masaukin fataken albasa, wanda Ummaru ya daɗe yana sauka wurinsa. Mutumin kirki, gajere, ba ya gaggawar magana. Aka kawo tuwon wata jar dawa ta agaji, wadda aka ce daga ƙasar Turawa ta zo. Na tabbata can dawakai ake ba, kuma na tabbata dawakan ma suna ƙorafi. Burodin kuwa, Garba, gaskiya ne. Ya kai sanda, kuma in ya kwana ana iya korar kare da shi. Haƙorina na gaba da kuke tambaya, can na baro shi.

Da la'asar Alhaji ya kai ni gidan likita. Na wuce gadon Ummaru ban gane shi ba, sai na ji murya a bayana.

"Wane ne ya bar gajeren nan ya shigo?"

Na juya. Fuska ta zama ƙashi, ciki kamar tulu. Na ce, "Tashi ka gaida ubangidanka, bawan banza. Ka sa na baro aikina."

"Wane aiki? Zaman gindin bedi?"

Ya so ya yi dariya, tari ya hana. Na zauna na ba shi labarin gida. Ya tambayi Goggo, ya tambayi ko an yi wa ɗakinta yaɓe kafin ruwa. Na ce an yi, alhali ba a yi ba. Da zan tashi ya riƙe bakin rigata ya ce, "Labbo, in abin ya zo, kak ka bar ni nan. Ba don ni ba. Tsohuwar nan."

Na ce, "Sai ka biya ni ladan dako."

Washegari da hantsi ina ba shi ruwa a cokali ya cika. Allah Ya ba shi kalmar shahada, na ji da kunnena.

Alhaji Illiyasu ya kira liman na unguwa, suka zaunar da ni. Liman ya ce sunna ita ce a gaggauta, ƙasa duk ta Allah ce, kuma mutum ba ya mutuwa sai inda aka ɗebo ƙasar da aka halicce shi da ita. Ya ce kafin azahar sun yi masa sutura, jama'a za su fito, don Ummaru ba baƙo ba ne a garin. Duk abin da ya faɗa na sani. Ni kaina da a Bodinga wani ya zo da wannan magana, abin da zan gaya masa ke nan, har in ƙara da Larabci. Mu ba mu san yawo da gawa ba. Amma na gaya musu maganar Goggo, na ce tsakaninmu da Shagari tafiyar wuni ce, in mun tashi yanzu gobe war haka yana kwance kusa da kakanninsa.

Alhaji ya ce, "Malam Labbo, ba ka san biro ba."

Na ce na san biro, har na iya rubutu da shi. Ashe su ofis suke kira biro.

Ya kuwa yi gaskiya. Baƙo in ya mutu gidan likita, gawarsa ta gwamnati ce har sai takarda ta ce ta ka ce. In nan za a rufe shi, takarda ɗaya. In za a ƙetare iyaka da shi, sai likita ya sa hannu, sai a kai wa na biron gari, sai a kai wa babban ɗan sanda, kowannensu kuma sai ya ga hatimin wanda ke gabansa. Ga wata al'ada da suke da ita: rana na take tsaka gwamnati duk ta rufe ƙofa ta tafi barci, ba ta farkawa sai gab da la'asar. A nan gida ma'aikaci a kan kujerarsa yake barci, ko ba komai kana ganinsa. Muna zaune a baranda, Ummaru na wani ɗaki wai shi ɗakin sanyi, injinsa na aiki in ya ga dama.

Da takardar likita ta fito na ce akawun ya karanta mini, don karatuna bai haɗa da Faransanci ba. Ya gyara murya ya fara: "Mushe Ummaru..."

Na ce, "Tsaya nan."

Ya tsaya.

Na ce, "Ku kira junanku abin da kuka ga dama. Wannan Musulmi ne, ya cika da shahada. Goge."

Ya ce haka ake rubuta kowa, girmamawa ce. Na ce mai rai in ka kira shi haka yana iya dariya, wanda ke kwance fa? Alhaji na ja mini riga, akawu na cewa in an goge harafi ɗaya sai a koma wurin likita daga farko. Na tuna injin ɗakin sanyi. Na karɓi takardar haka nan, na ninke ta ta yadda ba zan riƙa ganin wurin ba.

Sai maganar akwati. Dokarsu ta ce gawa ba ta ƙetare iyaka cikin likkafani da tabarma. Sai an sa ta cikin akwatin kwano, an like da dalma ko iska ba ta fita, an sa wannan cikin na katako. Mu da ko a makara ba ma barin mutum ya daɗe. Aka kai ni wurin wani mai likin bokiti, shi ke yi wa Turawa da Kiristocin garin in ta kama. Ya ce ba a barinsa shiga ɗakin sanyi, mamacin ya kai wa tsawo? Alhaji ya nuna ni ya ce kusan ɗaya suke. Mai liki ya ce in kwanta. Na kwanta a ƙasa cikin kasuwa, yara na kallo, ya ja layi a kaina da ƙafata. Yana shirin yanka kwano na ce, "Ƙara taƙi guda."

Ya ce, "Ai an ce ɗaya kuke. Kwano na da tsada."

Na ce, "Ƙara. Ya fi ni."

Ku da ke gindin bedi kun ji, na faɗa. Wanda ya so ya ji ne dai bai ji ba.

Muka yi masa wanka, muka sa shi a likkafani, jama'ar unguwa suka sallace shi. Wannan kam an yi shi yadda ya kamata, Allah Ya saka wa mutanen garin nan. Sannan ma'aikacin lafiya ya ce akwai allurar da ake yi wa gawa mai tafiya, amma maganin ya ƙare, don haka aka zuba gawayi da dussar katako a gindin akwati kamar za a gasa shi. Na sa aka kwantar da shi a kan damansa. Mai liki ya bi baki da dalma, ɗan sanda na tsaye. Aka buga na katako, aka ɗaure da igiya, aka ɗiga wani jan abu kamar danƙo aka danna hatimi. Ɗan sandan ya nuna mini da yatsa, ya ce wanda ya karya wannan kafin bakin kabari, kurkuku. Ya maimaita. Na ce na ji, wa zai so ya buɗe?

Samun mota ma aiki ne. Direba na jin gawa ce sai ya tuna yana da ciwon baya. Daga ƙarshe Alhaji ya samo wani Tanko mai a-kori-kura, wanda ya amsa don kunyar Alhaji. Ya karyo ganyen bedi ya soka gaba da baya don a san abin da ya ɗauko. Ya kuma kafa mini sharaɗi: baya zan zauna tare da akwati, duk garin da muka shiga in gaya wa mamacin sunansa, in ce masa gida za mu. Wai in ba a gaya wa gawa hanya ba sai ta yi nauyi, mota ta ƙi tafiya. Na ce masa wannan bidi'a ce, ni almajirin malamai ne. Ba mu yi nisa ba mota ta fara tari a kan wani tudu. Na ƙwanƙwasa katako na ce, "Ummaru, gida za mu, bar wasan banza." Ta tashi. Daga nan duk garin da muka shiga sai na gaya masa, har na riƙa ƙara masa da farashin albasa. Rana na dukan kwano ta cikin katako, in na ɗora hannu sai in ji zafi.

Da muka iso shingen nasu, ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, ya duba takardu ɗaya bayan ɗaya, ya duba hatimi, har ya sara wa akwatin. Sannan ya ce, "Amma naku sun rufe. Ba ku ji rediyo ba?"

Muna can muna bin biro ashe soja sun canza launin kuɗi, sun rufe iyaka ruf don kada waɗanda suka ɓoye tsofaffin naira a waje su shigo da su canji. Tanko ya ce mu juya. Na ce rufin na kuɗi ne da kaya, wa zai tare gawa? Ɗan duwan ya ce in ya buga hatimin fita, mun fita ke nan. Na ce buga.

Tsakanin shingensu da namu akwai fili, gonaki ne da ƙaya. Muka ratsa. A namu shingen ga soja ga kwastan, an gicciye ganguna. Na sauko, na gyara hula, na tattaro Turancin aji uku na gaida babbansu, wani soja mai faɗin ƙirji da ba ya jin Hausa sosai. Ya kira wani kwastan ya tsaya tsakaninmu. Wannan yaron namu ne, Bahaushe, da tabon salla a goshi, yana riƙe da tsinken ƙarfen nan da suke soke buhu da shi.

Ya ce, "Baba, mene ne a ciki?"

"Ɗan'uwana ne. Ya rasu can, za mu kai shi gida."

"Ina ne gida?"

Na buɗe baki na ce, "Shagari."

Kun san shekarun nan da suka wuce yadda sunan garin nan yake, garin shugaban ƙasar da soja suka kora. Ko akuya ka ɗauko, in ka ce ta Shagari ce sai ɗan sanda ya ƙame. Ummaru bai taɓa samun ko buhun taki a dalilin sunan ba, amma a hanya mukan ci arzikinsa, baki kuma ya saba. Har da ɗan ɗaga murya na faɗa. Ko da ban faɗa ba ma, yana rubuce a takarda.

Wannan kalma ba ta buƙaci tafinta ba. Sojan ya taso. Ya zagaya mota, ya dubi igiya, ya dubi jan hatimi, ya ƙwanƙwasa katako ya ji kwano ya amsa daga ciki. Ya yi wata dariya, ya kira sauran su zo su gani. Akwati a like da dalma, daga ƙasar waje, cikin makon canjin kuɗi, za a kai Shagari.

Kwastan ya ce, "Oga ya ce a buɗe."

Na ce, "Ɗana, dokar can ta ce wanda ya buɗe kurkuku."

"Ya ce nan ba can ba ne."

"Gaya masa mai albasa ne. Gaya masa uwarsa makauniya ce, ɗakinta ko yaɓe babu. Kwanansa nawa a cikin kwano cikin wannan rana, kai ka san abin da za a tarar. Kai Musulmi ne. An yi masa sutura, kada ku tone shi."

Ya kau da kai ya ce, "Baba, umurni ne. Ya ce ku ne kuka cinye ƙasar nan, yanzu kuna dawo da ita cikin akwati."

Na miƙa takardu, sojan ya ture su da bakin bindiga. Na durƙusa, ni Labbo, da furfurata, na kama takalminsa. Ya janye ƙafa. Aka sauke akwati, aka kawo guduma da kurfi.

Ba zan rubuta abin da ya fito ba da kwanon ya tsage. Waɗanda suka matso kallo duk suka watse, wani ya yi amai a gindin ganga. Na ɗauka an gama. Sojan ya koma nesa ya toshe hanci da hankici, ya yi magana. Kwastan ya tsaya bai motsa ba. Sojan ya daka tsawa. Yaron ya ja rigarsa ya rufe hanci, ya matso, ya soka tsinken cikin gawayi, nan da can. Sojan ya ƙara magana. Wai a ƙarƙashin farin ƙyallen.

Ya soka. Ta wajen ƙafa, ta wajen ciki. Da ya zaro, ƙarfen ba a bushe ya fito ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "Ummaru, tashi ka ba su kuɗin mana. Kai ma ka cika rowa." Murya ta fita da ƙarfi.

Yaron ya jefar da tsinken ya ce wa ogansa babu komai. Na tashi na kaɗe gwiwa na ce to a taimaka mini mu mayar mota, rana na yi.

Ya ce, "Baba, ba za ku wuce ba. Iyaka a rufe take, ba abin da ke shiga. Kuma ya ce gawa a buɗe haka cuta ce, sai da takardar ma'aikacin lafiya, shi kuwa an janye shi tun da aka rufe."

"To don me kuka buɗe?"

Ya tambayi sojan. Ya juyo, bai dube ni ba. "Ya ce don a san abin da aka hana shiga."

Muka ɗora akwati muka koma shingen Faranshi. Ɗan duwan tun daga nesa ya ɗaga hannu. Ya ce hatimi ya karye, takardun nan sun mutu, kuma a littafinsa mamacin ya riga ya bar ƙasar. Ya ce don mutunci ba zai kama ni ba. Na gode masa. Mutum ya ce ba zai kama ka ba ai sai godiya.

A tsakiyar filin nan akwai wani gawo. Nan Tanko ya tsaya. Ya ce shi iyakarsa ke nan, yana da iyali, motar ma ba tasa ba ce. Ban ga laifinsa ba. Muka sauke a inuwa, ya zare ganyen bedi ya yar, ya juya da sauri har ya tafi mini da jakar kayana.

Na zauna nesa kaɗan da akwati, ta inda iska ke fitowa. Ina zaune jakuna suka wuce ta cikin gona a jere, kowanne da jarkokin fetur, suka nufi arewa. Can wasu suka wuce kudu da buhunan shinkafa. Daga inda nake ina hango hular sojan, shi ma yana hango su. Na tare wani mai jakuna na roƙe shi. Ya ce da a tabarma yake, da ɗanyensa, da sun ƙetara da shi kamar yadda suke yi wa nasu. Yanzu kam ko jakin ba zai tsaya ba.

Wani dattijo da ke sharar gona a kusa ya ajiye manjagara ya zo. Sunansa Arzika. Bai tambaye ni takarda ba. Ya leƙa, ya yi salati, ya ce, "An sallace shi?" Na ce an yi. Ya ce, "To mi kaka jira?" Ya tafi 'yan bukkokinsu ya dawo da maza da kayan haƙa da tabarma. Ya nuna gefen gonarsa.

Suna gina kabarin na ce masa, "Nan wace ƙasa ce?"

Ya ce, "Shekarar da anka yi ruwa, su duka biyu suna aiko a amshi haraji. Bana ba mu ga kowa ba."

Da aka zo fitar da shi daga kwano kowa ya naɗe hanci da rawani, suka riƙe tabarma, amma ɗagowar sai da hannu. Tun da nawa ne, ni na shiga. Na rungumo shi a ƙirjina kamar yaro na ɗora a tabarma. Likkafanin ya ɓaci, Arzika ya cire mayafinsa ya rufa masa. Muka sa shi a kan damansa, fuska gabas, muka jera itace, muka tura ƙasa. Na ga Arzika na satar kallon kwanon, na ce ya ɗauka. Ya ji kunya, amma ya ɗauka. Ƙofar bukkarsa zana ce.

Ruwan da suka iya ba ni na wanke hannu ne kawai, rijiyarsu ta kusa ƙafewa. Rigar da ke jikina ita ke nan gare ni. Masu jakuna suka ƙetarar da ni a ƙafa, babu wanda ya ce mini kanzil. A motar Sakkwato kuwa ban taɓa samun fili irin na ranar ba. Benci guda ni kaɗai, kamar hakimi. Yaron mota da sanda ya miƙo mini canji.

Ban tsaya Bodinga ba, wasunku sun ga wucewata. Na sauka Shagari da la'asar. Labari ya riga ni, zaure cike da maza, suka miƙe suna leƙen bayana ko akwai mota. Na wuce su na shiga ciki. Duk hanya ina shirya abin da zan ce mata, na jera shi daki-daki, da likita da biro da soja.

Tana zaune inda na bar ta. Na yi sallama na durƙusa daga nesa. Ta ce in matso. Na ce, "Goggo, bari in yi wanka tukun." Ta ce in matso. Na matsa. Ta lalubo kafaɗata, ta sauko da hannu zuwa ƙirjin rigar inda ya bushe ya yi tauri. Ta ja ni, ta kai hancinta. Matan da ke tsakar gida duk sun toshe nasu. Ta daɗe a haka.

Na ce, "Goggo, na ɗauko shi, wallahi na ɗauko shi. A bakin iyaka ne..."

Ta ce, "Tuɓe."

"A bari a wanke ta, Goggo."

"Wadda duk tas sa mata ruwa ban yahe ba. Tuɓe."

Na tuɓe. Wani maƙwabci ya miƙo mini taguwa ta kan danga. Ta ninke rigar a kan cinyarta, hannu a ciki, wuya a sama, yadda take ninke masa tasa in zai yi tafiya. Ta rarrafa cikin ɗaki, ta sa ta ƙarƙashin kanta, ta juya ta fuskanci bango.

Ina zuwa gaishe ta duk Juma'a. Tana amsawa, tana tambayar yara. Har yau ba ta tambaye ni inda muka rufe shi ba.